Rufin Ɗakin Inna Tabawa

Lahadi, 26 ga Afrilu, 1953, bayan la'asar

Ƙafafuna har yanzu jajaye ne, na wanke na cuɗa, ƙasar ta ƙi fita. Matata Huraira ta ce in bar su haka, ko mutane sa yarda malamin ajin yaƙi da jahilci ya taɓa yin aikin ƙarfi. Cikinta ya tsufa, tashi ma sai da dafa bango, amma bakin nan nata bai mutu ba.

Yau muka yi gayyar ɗakin Inna Tabawa. Ni na tara mutane, ni kuma za a tambaya, don haka gara in rubuta. Inna ita ce ungozomar Gyadi-Gyadi tun ba a haife ni ba. Ita ta yanke mini cibiya, ita ta yanke ta kusan duk wani mai gemu a unguwar nan. Yanzu ido ya tafi, miji ya rasu, ba ɗa ba jika, sai ɗakin soro guda ɗaya da aka daɗe ba a yaɓe ba. Rufin ya tsattsage, in ka shiga da rana kana hango haske ta sama. Bara da ƙyar ya ga kaka. Bana in ba a gyara ba, a kanta zai sauka.

Mutane sun fito, wallahi sun fito, har daga Tarauni. Baballe da jakinsa suka yi ta jigilar jar ƙasa daga kududdufi, samari suka ɗebo ruwa, aka zuba ciyawa da kashin jaki, makaɗi ya kafa ganga, muka shiga tattakawa. Yayata Safara'u ta aiko da koko ƙwarya guda. Inna na zaune a bakin ƙofa tana gane kowa da muryarsa, tana tona asirin mutane: wane da ƙafa ya fito, wane bai yi kuka ba sai da ta mare shi. Ni ta ce da mita na zo duniya, kuma ga shi ban daina ba.

Kalistus ma ya zo a kan kekensa daga Sabon Gari, bayan sun taso daga coci. Kafinta ne, mutumin kudu. Shekarun baya naƙuda ta kama matarsa Josefin a cikin motar Zariya, daidai nan bakin hanya, aka sauke ta, Inna ta karɓi haihuwar. Tun daga ranar Mama yake ce mata, ita kuma ta ce masa Kalis. Ya naɗe wando ya faɗa taɓo tare da mu, yana rera wata waƙa da ba wanda ya san kanta.

Matsalar guda ce. Ƙasar rufi ba a kwaɓa ta yau a shafa yau. Sai an yi ta ba ta ruwa, ana juyawa ana tattakawa, mako bayan mako, har ta tsima ta yi danƙo. In ba haka ba ruwan farko zai wanke ta. Na ce musu kowace Lahadi, tunda ranar ce masu aiki a birni suke hutu, har a gama. Kowa ya ce in sha Allahu. Da ƙarfi suka faɗa.

Laraba, 29 ga Afrilu, da yamma

Na leƙa ƙasar, samanta ya fara bushewa, na ɗebo ruwa na zuba. Inna ta ji ƙarar tulu ta ce, "Falalu, kai kaɗai?" Na ce ai yau ba ranar aiki ba ce. Ta ce to.

Lahadi, 3 ga Mayu, bayan azahar

Ko rabin na wancan mako ba mu kai ba. Makaɗi ya tafi biki Hotoro. Safara'u ta aiko cewa gero ya ja baya, ba ta iya koko duk mako, kuma gaskiyarta. Mutanenmu sun iya gayya, amma gayya a wurinsu yini ɗaya ce: a yi kiɗa, a sha koko, a yi gumi, kowa ya tafi gida da ladansa. Dawowa ce ba mu saba ba.

Muna cikin tattakawa Kalistus ya kira ni daga cikin ɗaki. "Malam Falalu, zo ka gani." Yana kan tsani. Ya soka ƙusa a azarar tsakiya, wadda duk rufin ke kwance a kanta, ƙusar ta shige kamar cikin tuwo.

"Gara ya cinye shi," in ji shi, da Hausarsa ta Sabon Gari. "Ko kun sa ƙasa mai kyau, wannan ba zai ɗauka ba. Sai an canja."

Ya ce in kwantar da hankali, ya san inda zai samo azara mai ƙwari wajen masu katako, zai yanke ta daidai ya kawo. Ya auna, ya rubuta a tafin hannunsa. Ya rage murya ya ce kada a faɗa wa Mama.

Sai muka ji daga waje: "Ina jin ku. Garar nan tare muke kwana, ina jin cinta."

Muka yi dariya. Ni dai tawa ba ta kai ciki ba.

Juma'a, 8 ga Mayu, bayan saukowa daga masallaci

Tasi'u maɗinki ya hango ni ya tsallaka hanya. Tasi'u fa, wanda ranar farko ya fi kowa tsalle a taɓo. Na bi shi na ce, "Lafiya?" Ya sunkuyar da kai ya ce wancan makon ɗinki ya sha masa kai, yanzu kuma kunyar zuwa yake ji, kada Inna ta ji muryarsa ta tambaye shi ina ya shiga. Na ce to in ka ƙara fashi kunyar raguwa za ta yi? Ya ce zai zo. Bai dube ni ba da ya faɗa.

Lahadi, 10 ga Mayu, da la'asar

Ni, Baballe, Kalistus, sai wasu dattawa biyu da ba su da ƙarfin ɗaga tulu.

Na zaga gida-gida kafin mu fara. Wannan yana sharar gona. Wancan yana kai taki, don hadari ya fara leƙowa ta gabas. Ɗaya matarsa na kwance. Ɗaya ya sami aikin lebura, in ya ƙi zuwa Lahadi wani za a ba. Wani kuwa, kai jama'a, wai ranar farko liman ya sa wa mutane albarka da sunayensu bai ambaci nasa ba. Ban da shi, ban ga maƙaryaci ko ɗaya a cikinsu ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ƙarya suke yi da na san wanda zan zaga.

Duk da haka na zagi Tasi'u a ƙofar shagonsa, gaban mutane. Da na dawo Huraira ta ce, "Malam, gayya ka kira, ba aikin tilas ba. Wanda ka kunyata yau, da wace fuska zai zo gobe?" Na ce ta yi mini shiru.

Ƙasar ta fara kamawa, Baballe ya damƙa ya ce saura kaɗan. Amma ba damar shafawa sai an sa azara. Kalistus ya ce ya samu, ya yanke, Lahadi mai zuwa zai taho da ita a amalanke. Ya kawo wa Inna lemo. Ta shafa kansa ta ce ya fara sanƙo.

Alhamis, 14 ga Mayu, bayan magariba

An ga wata, gobe azumi. Ni da nake koya wa mutane lissafi, ban sa azumi a lissafina ba. Wa zai tattaka taɓo a zafin nan da baki a bushe?

Asabar, 16 ga Mayu, gab da shan ruwa

Masu kai kaya birni sun dawo da wuri, wasu ko kayan ba su dawo da su ba. An ce faɗa ya ɓarke tsakanin mutanen gari da 'yan kudu na Sabon Gari, kada kowa ya bi ta Fagge. An ce abubuwa da yawa.

Lahadi, 17 ga Mayu, da azahar

Ba wanda ya zo.

Na hau tsani don in duba rufi, sai na hango hayaƙi ta arewa. Na sauko. Na je bakin hanya na tsaya ina duban duk amalanken da ya ɓullo, alhali na san ba amalanken da zai fito daga Sabon Gari yau.

Inna ta ce, "Kalis bai zo ba."

Na ce, "Hanya ce ba kyau, Inna."

Ta ce, "Uhm."

Litinin, 18 ga Mayu, da yamma

Ban buɗe aji ba. Ba wanda ya tambaya.

Talata, 19 ga Mayu, da hantsi

Samari biyu na unguwar nan sun dawo daga wajen faɗan. Na ga abin da ke hannunsu, na ga rigunansu. Ranar gayya ƙafafunsu na cikin taɓo ɗaya da na Kalistus. Ba zan rubuta sunansu ba. Ita ta yanke musu cibiya su ma.

Juma'a, 22 ga Mayu, bayan shan ruwa

An yi yayyafi da la'asar, bai ko jiƙa ƙasa sosai ba, amma na tarar da Inna ta jera ƙwarya da kasko a tsakar ɗaki. Ba wanda ya nuna mata inda ke zuba. Da kunne take bin ɗigon, ta sa kowace ƙwarya a inda ya dace.

An ce gari ya lafa. 'Yan doka na yawo, mutane ba sa son taruwa ko don alheri. Na yi wa Baballe maganar mu nemi wata azara. Ya ce mai tsawon nan sai wajen masu katako, masu katako kuwa suna can inda ba a zuwa. Ya ce mu tokare ta da itace. Muka sa mata gwafa. Ni da shi mun san gwafar ta kwantar da hankalinmu ce kawai.

Lahadi, 24 ga Mayu, da magariba

Jiya an yi ruwan shuka. Yau kowa na gona, daga nan har Unguwa Uku ba ka ganin komai sai bayan mutane a sunkuye. Wanda bai shuka yau ba, da me zai ci da iyalinsa baɗi?

Ni ma gonar na tafi. Na ce in na gama zan biya ta wajen Inna. Da na gama, harshena ya manne da ganɗa, ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Ban biya ba.

Laraba, 27 ga Mayu, da la'asar

Na je na ce, "Inna, ki dawo gidana kafin a gama gyara. Ga ɗaki, ga Huraira."

Ta ce, "Falalu, zo ka rufe idonka." Na ce haba Inna. Ta ce in rufe. Na rufe. Ta ce, "Ɗauko mini buta." Na yi ta lalube, na yi karo da gwafa, na shure kasko. Ta ƙyalƙyale da dariya har da tari. Sannan ta miƙa hannu sau ɗaya ta ɗauko butar.

"A ɗakin nan ina gani," in ji ta. "Na san inda komai yake, na san hanyar bayan gida, ba na tashin kowa. In ka fitar da ni, ranar zan makance."

Na ce to in rufin ya faɗo fa? Ta ce, "Ai kun ce za ku gyara."

Na fita na ba ƙasa ruwa, na tattaka ni kaɗai har jiri ya kama ni. Baƙin ciki nake ji, wallahi, irin wanda ba shi da wurin ajiyewa.

Lahadi, 31 ga Mayu, bayan azahar

Na ari keke na tafi Sabon Gari. Huraira ta roƙe ni kada in je.

Na sami shagon Kalistus. Ƙofar ba ta nan. Wani dattijo a shagon gefe ya dubi hulata, ya dubi fuskata. Na ce Kalistus nake nema, kafinta, abokina ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya shige ciki ya ja ƙyaurensa. Ban ga laifinsa ba.

Sauran abin da na gani a hanya ba na rubutawa ba ne.

Da na dawo na biya ta wajen Inna. Baballe ya zo da safe, ya juya ƙasa, ya tafi. Shi kaɗai. Ta ce, "Ka je?" Na ce na je, ban same shi ba. Ta ce, "Matar fa? Yaron fa?" Na ce ban same su ba.

Litinin, 1 ga Yuni, da safe

Hadari ya haɗu ya watse. Alhamdu lillahi.

Laraba, 3 ga Yuni, bayan shan ruwa

Bari in rubuta.

Da hantsi naƙuda ta kama Huraira. Safara'u ta zo daga Tarauni, ta duba ta ce abin ya fi ƙarfinta, yaron bai kwanta daidai ba, a ɗauko Inna. Baballe ya ɗora ta a jaki. Tana ta faɗa, wai an fitar da ita ba ta rufe tukunyarta ba. Da ta shiga ɗakin sai ta zama wata daban. Ina daga zaure ina jin muryarta tana ba da umarni kamar mai shekara talatin. "Kama nan. Ba nan ba, ke! Huraira, ni na ciro mijinki, ke ma ba za ki gagare ni ba."

Da la'asar gari ya yi baƙi. Iska ta taso, sannan ruwa, irin wanda ba ka ganin tafin hannunka. A cikinsa na ji kukan jariri. Mace ce. Huraira lafiya.

Ruwa na ɗaukewa sai ga Baballe a jiƙe sharkaf. Bai yi mini barka ba. Ya ce, "Malam, zo."

Azarar ta karye daga tsakiya. Rufin gaba ɗaya ya zauna a kan gadon Inna. Bango huɗu na tsaye, sama a buɗe, tukunyar da ba ta rufe ba ta cika da laka. Gefe guda kuma ga tarin ƙasarmu, ta sha ruwa, tana sheƙi.

Ban san abin da nake ji ba. Na sami 'ya. Inna tana raye. Ina ta faɗa wa kaina wannan.

Alhamis, 4 ga Yuni, da hantsi

Ni na faɗa wa Inna. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Butata fa?" Na ce za a tono. Ta ce to.

Mutane na ta shigowa, barka biyu suke yi, ta haihuwa da ta Inna. "Allah ya kiyaye!" "Ka ga ikon Allah, da tana ciki fa?" Har wanda liman bai ambaci sunansa ba ya zo, ya fi kowa salati. Kowa fuskarsa a sake, kamar an sauke masa kaya. Na ce bango lafiya lau, rufi kawai za a mayar. Suka ce ai yanzu ba gaggawa, tunda tana gidanka. Bayan Sallah.

Asabar, 6 ga Yuni, da yamma

Mun ba ta ɗakin da ke kusa da na Huraira. Jiya ta buga goshi da bakin ƙofa, ya kumbura. Yau na same ta tsaye a tsakar gida, hannuwa a miƙe, ba ta san inda ta dosa ba, kuma ta ƙi kiran kowa. Safara'u ta kama hannunta ta kai ta bayan gida. Da suka dawo na ji tana cewa, "Ni da na wanke ku duka, yau ni ake ja."

Da aka sha ruwa kurɓa ɗaya ta yi. Safara'u ta ce mini a ɓoye, ba ƙoshi ba ne. Ba ta son ta ci ta sha ne, don kada ta nemi a raka ta.

Lahadi, 7 ga Yuni, da azahar

Ni da Baballe muka kwashe laka daga ɗakin. Mun sami butar, ta lotse. Ba wanda ya zo. Ban zaga gidaje ba, na gaji da jin gaskiyar mutane.

Talata, 9 ga Yuni, da la'asar

Gobe suna. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, Tabawa ai sunan rana ne. Mene ne sunanki na yanka?" Can ta ce, "Maimunatu. An daɗe ba a kira ni da shi ba." Na ce gobe za a kira.

Ta rame. Na ce azumi ba dole ba ne a kanta, liman ma ya faɗa. Ta ce in kula da mitata.

Laraba, 10 ga Yuni, da hantsi

An raɗa suna, Maimunatu. Ƙofar gidana ta cika har bakin hanya. Na tsaya ina kallonsu ina cewa a raina, da rubu'in waɗannan sun zo Lahadi uku a jere. Tasi'u ya aiko da 'yar riga da ya ɗinka wa jaririya. Shi bai zo ba.

Aka sa wa Inna yarinyar a cinya. Ta shafa fuskarta, ta taɓa cibiyar ta ce ta warke da kyau. Ta ce, "Takwara, ki zo da ido." Mata suka yi guɗa. Ni na fita.

Juma'a, 12 ga Yuni, bayan la'asar

Wani mai amalanke ya yi sallama yana tambayar gidan ungozoma. Azara ce a kai, doguwa, baƙa, mai nauyi, an gyara bakinta biyu, ga alamar fensir inda aka yanke.

Na ce wa ya aiko ka? Ya ce wata mata ce 'yar kudu, da yaro a hannu, kayanta a ɗaure, tana shirin tafiya tashar jirgi. Ita ta nuna masa inda azarar take jingine, ta ce a kai Gyadi-Gyadi, a ce na Mama ne. Na ce mijin fa? Ya ce shi bai ga namiji ba.

Muka shigo da ita tsakar gida, na kamo hannun Inna na ɗora. Ta bi ta da tafin hannu daga wannan baki har wancan, a hankali, ta ƙwanƙwasa, ta sa hanci ta shinshina.

"Mai kyau ce," in ji ta. "Ina mai ita?"

Na kau da kai. Ba ta sake tambaya ba. Ta zauna a ƙasa kusa da azarar, hannunta a kai, har aka kira magariba.

Asabar, 13 ga Yuni, Sallah, da yamma

A filin idi na bi mutane ɗaya-ɗaya. Na ce azara ta zo, ƙasa ta tsima, aikin yini ɗaya ya rage. Gobe Lahadi. Suka ce haba Malam, washegarin Sallah? Ga ziyara, ga surukai, ga noman farko ya matso. Aka tsaya a kan Lahadi ta sama. Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Lahadi dai."

Litinin, 15 ga Yuni, da safe

Azumi ya wuce, ba ta da abin fakewa, kuma har yanzu ba ta ci. Ta ce a miƙo mata butarta. Ta riƙe ta a ƙirji.

Talata, 16 ga Yuni, bayan la'asar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta cika da hantsi, Safara'u na riƙe da kanta.

Ban aika wa kowa ba, amma kafin a gama wanka gari ya taru. Gyadi-Gyadi, Tarauni, Unguwa Uku, har Hotoro. Mai gona ya bar gona. Lebura ya bar aiki. Samari na ƙwace fartanya daga hannun juna wajen haƙa. Samari biyun nan da na ƙi rubuta sunansu ma suna ciki, kansu a ƙasa.

Da aka zo rufewa aka ce a nemo itace, na maƙabarta duk ya jiƙe ya ruɓe. Baballe ya dube ni. Na ce a je gidana. Da aka kawo azarar wani ya fara gunaguni a kan wanda ya aiko ta. Liman ya ce, "Itace ne, malam. Sara." Aka sassara ta gajeru-gajeru aka jera a bakin kabari. Ƙwari gare ta, sai da gatari ya yi gardama.

Aka ce a kwaɓa ƙasar toshewa, ta wurin kuwa yashi ce, ba ta kamawa. Baballe ya kora jakinsa. Ya dawo da mangala cike da tamu. Mutane suka yi layi, hannu zuwa hannu, kowa na son ya taɓa. Wani dattijo ya murza ta a yatsunsa ya ce, "Kai, wa ya kwaɓa wannan? Ko ɗigo ba zai shiga ba."

Kafin azahar an gama. Ba kiɗa, ba koko, kuma ba wanda ya ba da uzuri.

Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Lahadi, 21 ga Yuni, da hantsi

Na tashi na ɗauki tulu, sai da na isa na tuna. Bango huɗu na nan, ciyawa ta fara tsirowa a tsakar ɗakin. Inda tarin ƙasa yake, sai jan tabo.

Tasi'u na tsaye a wurin, ya naɗe wandonsa har gwiwa.

Ya ce, "Malam, na zo."

Na ce, "Na gani."

Na ajiye tulun, muka zauna a bakin ƙofarta.